Kwando a Kan Gawo

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Kurciya bakwai. Hankaka ɗaya a kan katanga. Ba'u kuwa ban iya ƙirga su ba, ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Wannan kayen, wato littafin rubutu, ba nawa ba ne, na Mushe ne, maigidana, haka ake kiran malamin makaranta a nan. Sunansa na nan a bangon littafin, an rubuta da jan bik, ba sai na maimaita ba. Shekara ashirin da shida ke nan yana cika irinsa, tun yana koyarwa a lakkwal, makarantar boko ta nan Filinge, har ya aje aiki. Kowace safiya zai zuba ruwa a kasko ƙarƙashin gawon tsakar gida, ya watsa tsakin gero, ya zauna a kujerarsa ya rubuta tsuntsayen da suka zo. Ni kuma shekara ashirin da shida ina yi masa tsiya, ina cewa mutum ya rasa abin ƙirgawa sai dukiyar da ba tasa ba.

Yau ga ni da bik a hannu. Shi da Faransanci yake rubutawa, ni da Hausar da na koya wa mata a ajin yaƙi da jahilci. Shafinsa na ƙarshe ba ya karantuwa, layukan sun gangara ƙasa. Jiya ya tambaye ni, "Ke, an rubuta?" Na ce an rubuta. Ƙarya na yi, ta kuma tsaya mini a rai har gari ya waye.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Na ce kurciya tara. Mushe bai ko juyo ba ya ce, "Bakwai. Biyun can hasbiya na. Dubi idon, ja a zagaye." Na duba, haka ne. Kansa garau yake a kan wannan.

Sauran abin da ya faru da hantsi ba na tsuntsaye ba ne, ba zai shiga nan ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Mun je wurin lokotoro, wato likita. Sabon zuwa ne, mai ladabi, yana da takarda mai ramuka-ramuka da yake cikewa. Ya tambayi Mushe ranar yau, Mushe ya ce ranar aiki ce. Ya tambaye shi shekarar da muke ciki, ya faɗi wata da ta wuce tun kafin mu aurar da autarmu. Ya nuna masa agogo, ya faɗi sunansa da Hausa da Faransanci, har da ɗan fushi, wai shi za a yi wa jarrabawa.

Sai lokotoro ya nuna ni.

"Baba, wagga wa ta? Mi ne sunanta?"

Mushe ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya yi ɗan murmushi, ya yi shiru. Lokotoro ya jira, ya sake tambaya, sannan ya ja layi a ramin.

Na so in ce masa, ɗana, goge wannan layin. Shekararmu arba'in da ɗaya da aure, ni ce matarsa ta fari, ni ce kuma ta ƙarshe, bai taɓa kama sunana ba. Kunya ce irin ta mutanenmu, yadda ni ma ban taɓa kama nasa ba. "Ke" yake ce mini. In da baƙi, "mai ɗakin nan". Ko ranar da aka haifi ɗanmu na fari, da ya leƙo, cewa ya yi, "Ke, sannu." To in ya yi shiru yau, kunya ce ko mantuwa?

Ni ma ban sani ba. Murmushin nan irin wanda na sani ne. Amma na ga yana yi wa mai sayar da ruwa irinsa.

Ban ƙirga kowa ba yau.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da la'asar

Zafi. Ko hankaka baki buɗe yake zaune.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Dogo ya kira daga Yamai. Shi ne ɗan farin, shi ya sa Dogo nake ce masa, sunan yanka kuwa sai dai a bakin wasu. Ya riga ya yi magana da lokotoro ta salula, an karanta masa takardar.

"Inna, ranar sha biyar ga Mayu ina tahowa da mota. Mu kwana, mu taso da sahe. Na gyara muku ɗaki."

Na ce ɗaki a bene, ba itace, ba ƙasa, me zai duba?

"Telebijin. Inna, bayan abin da ya hwaru ranar kasuwa, ba ki iya riƙe shi ke ɗai. In da ya san gida, ya san ki, da ban taɓa shi ba. Amma lokotoro ya ce ko ke bai gane ba."

Na ce ya san ni.

"Ƙaƙa kinka sani?"

Na ce rezon waya ba kyau, ba na jinsa. Rezo lafiyarsa lau.

Kurciya shida, hasbiya biyu, cilakowa ɗaya. Wannan na gane ta da kaina, baki kamar lauje.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ranar kasuwa, da azahar

Na kulle ƙofar gida, makullin na ɗaure a bakin zanena. Sati uku ke nan cif da Mushe ya fita ya ɓace. Takalminsa na hagu har yanzu ba a gani ba, na daman yana ƙarƙashin gado, na kasa yarwa. Mai amalanken da ya dawo mini da shi daga hanyar Abala ban ma tambayi sunansa ba. Allah ya saka masa.

Magagi ya zo daga ƙauye, ƙanen Mushe. Tun ina amarya yake tsokanata, ya yi furfura bai daina ba.

"Matarmu, kin tsuhwa. Da na so in gaje ki, yanzu na hwasa."

Na ce ai ni ma ba na cin tuwon ƙauye. Muka yi dariya, sai ya shiga wurin yayansa. Mushe ya karɓe shi hannu biyu, ya tambaye shi ko Inna ta dawo daga rijiya. Innarsu ta shekara talatin a ƙasa. Magagi ya ce, "Tana bisa hanya, Yaya," ya fito ya tsuguna kusa da ni a madafa.

"Wanga ba ciwon lokotoro ba na. Iskokin Inna na. Tun da tar rasu ba wanda ya karɓe su, ba wanda ya ba su ko hura. Shi na babba, shi sunka biyo. A kai shi gida, a sa goge kwana ukku."

Na ce in Dogo ya ji maganar goge sai ya sume. Ya ce Dogo jikan mai bori ne ko ya so ko ya ƙi. Ɗaya na ja zuwa Yamai, ɗaya na ja zuwa ƙauye, kowa ya san abin da ke damunsa, ni kaɗai da nake kwana nake tashi da shi ban sani ba.

Kafin ya tafi ya ɗaga kai ya dubi gawo. "Ina kwandon?"

Wallahi na manta. Kowace shekara kafin damina Mushe ke sa a ɗaure tsohon kwando a gwafar gawo don shamuwa su yi sheƙa a ciki, yadda ake yi a ƙauyensu. Gidan da shamuwa ta sauka, an ce, ya yi sa'a, kuma zuwanta ke gaya wa manoma su fiddo iri. Magagi ya ɗauko tsani, yana hawa yana nishi, ya ɗaure kwandon da nake zuba kuɓewa. Mushe na ƙasa yana ba da umarni kamar a aji: "Hagu. Ƙara. Bakin shi dubi kudu." Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan asuba

Kwando ba kowa.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Na gwada shi. Kunya ta kama ni, amma na gwada. Na kawo masa koko na tsaya a gabansa na ce, "Ni wa ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke ma dai."

Na koma madafa da murna. Ina wanke ludayi murnar ta zube. Wa ba za a ce wa "ke ma dai" ba?

Kurciya takwas. Shirwa ta wuce, kowa ya watse, sai ba'u guda ɗaya da ya ci gaba da shan ruwa. Ko jarumi ne, ko bai gani ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da la'asar

Manoma biyu sun yi sallama, sun tambaya ko shamuwa ta zo gidan Mushe. Haka suke yi duk shekara, don sun san yana rubutawa. Na ce tukuna. Suka ce a gaishe shi. Ba su nemi shiga ba, ke nan labari ya kai ko'ina.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Ba zan rubuta ba.

Litinin ɗin dai, kusan almuru

Zan rubuta, in ba haka ba ƙirjina zai fashe. Na fito daga wanka na zauna a tabarma kusa da kujerarsa. Ya gyara hula, ya juyo, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo. Ina wuni, ina gajiya, ina zafi, ya yara. Ina amsawa ina jira ya yi dariya. Sai ya ce, "Ya maigidan naki?"

Na ce yana lafiya.

Ya ce, "Madalla. A gaishe shi."

Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ke, kaskon ya bushe." Da muryarsa ta kullum. Na tashi na zuba ruwa. To wadda ya gaisar wace ce, wadda ya aika wace ce? Tabarma ɗaya, zane ɗaya.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Yau na ƙona wake saboda tsuntsu, ni Balkisa.

Marai ne, mai kai baƙi da jiki rawaya. Ya tsinko zaren kaba daga tsohuwar tabarmata, ya hau reshe yana ɗaurawa da baki, yana riƙewa da ƙafa, har yana rataye kai ƙasa. Macen ta zo ta leƙa, ta ja zare ɗaya, ta tashi abinta. Ya tsaya, ya dubi aikin, ya warware duka ya sake daga farko. Na yi dariya har da hawaye. Mushe ya ce, "Bara sai da ta sa shi ya yi sau huɗu." Muka zauna muna kallo har ƙauri ya iso mu.

Ashe wannan yake gani duk shekarun nan ina daka ina harararsa. In kana kallonsu, ba jiya, ba gobe, sai wanda ya sauka da wanda ya tashi. Tun ranar kasuwar nan ban ji kaina ya yi sanyi irin na yau ba. Na ji haushin kaina da ban jawo tabarma tun tuni ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan azahar

Na sauko da tsofaffin kayen daga kan kabad. Na ce wa kaina ranakun zuwan shamuwa nake nema. Mafi sauri ashirin da huɗu ga Afrilu, mafi jinkiri sha biyu ga Mayu. Amma ba shi nake nema ba. Sunana nake nema. Na ce mutum in bai faɗa da baki ba, wataƙila ya rubuta inda ba mai gani.

Babu. Kaye ashirin da shida, babu.

Abin da na samu, da ɗan Faransancina: kowace shekara, ƙarƙashin ranar shamuwa, ya ƙara layi ɗaya. "Na kira ta, ta gani." Wata shekara, "Na kira ta, ta fito da gari a hannu." Wata, "Ta ce ba ruwanta, amma ta daɗe tsaye." Gaskiya ne. Duk shekara sai ya ɗaga murya, "Ke, hito ki gani," in fito ina gunaguni. Ban san yana rubutawa ba.

Ita. Ta. Ba suna.

Lahadi, 11 ga Mayu, ranar kasuwa, da la'asar

Ƙofa a kulle. Magagi ya zo da maganar gogensa, na ce ya bari. Ya dubi kwando ya ce a ƙauye ma ba su zo ba, tsofaffi sun fara magana. Sannan ya bar wasa ya ce, "Ke mi kike so?"

Tun da abin nan ya fara shi ne mutum na farko da ya tambaye ni. Na ce ina so in san ko akwai ni a cikin kansa. In babu, su kai shi inda suka ga dama, ko'ina ɗaya ne gare shi. In akwai, ba mai fitar da shi daga gidan nan.

Magagi ya ce, "To tambaye shi mana." Na ce na tambaya. Ya ɗauki sandarsa.

Talata, 13 ga Mayu, bayan asuba

Sun wuce ranar jinkirinsu. Kwando ba kowa. Na fara ninke kaya.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Me ake ɗauka? Na sa rigunansa, na fiddo. Na sa kayen, na fiddo. Na ɗauki kaskon na tsaya da shi a tsakar gida kamar wawiya, na mayar.

Kurciya bakwai, ko takwas. Na ƙirga sau uku, kowane da nasa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Dogo ya iso da rana tsaka, don yanzu ba mai bari yamma ta same shi a hanya saboda rashin tsaro. Ya durƙusa gaban ubansa. Mushe ya miƙe tsaye ya gaishe shi da Faransanci kamar mai duba makarantu ne ya zo, ya ce masa ajin a shirye yake, yara sun share. Dogo ya amsa masa da Faransanci, ya zagaya bayan ɗaki ya daɗe yana wanke fuska.

Ban yi masa gardama ba. Da me zan yi? An sa kaya a mota. Gobe bayan karin kumallo.

Juma'a, 16 ga Mayu, da azahar

Zan rubuta yadda ya faru.

Na zuba ruwa a kasko na ƙarshe, na watsa tsakin da ya rage duka. Mushe na kujerarsa da farar rigar tafiya, ni ina tabarma kusa da shi. Dogo na bakin ƙofa yana duba ƙafafun mota. Sai inuwa ta ratsa tsakar gida, kurciyoyi suka tashi. Na ɗaga kai. Biyu ne, baƙaƙe masu farin ciki, ƙafafu a miƙe. Suka zagaya gawo sau biyu, ɗaya ta sauka a bakin kwando, ɗaya a reshen sama, suna kaɗa baki.

Mushe ya miƙe ba sanda. Ya dubi madafa. Ya dubi ƙofar ɗakina. Ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya, da ladabin da ake yi wa baƙuwa.

"Baiwar Allah, taimake ni. Shiga ɗakin can ki kira mini Balkisa. Ce mata shamuwa ta zo."

Balkisa. Ya ja tsakiyar sunan a hankali, kamar abin da ya daɗe a ajiye. Shekara arba'in da ɗaya. Ya faɗa ne don bai san ni ce ba, da ya sani da bai faɗa ba.

Dogo ya ji. Yana tsaye da makullin mota a hannu, shi ma bai taɓa jin sunan uwarsa a bakin ubansa ba.

Na ce, "To." Na tashi na shiga ɗakin. Ba komai ciki sai gado da takalmin dama a ƙarƙashinsa. Na jingina da bango na yi kukan da ban yi ba tun ranar kasuwa, na toshe baki da zane. Baƙin ciki ne ko daɗi, ban sani ba, duka biyun suka taso tare. Na share ido, na gyara kallabi, na fito.

Bai dube ni ba, idonsa na sama. Ya ce, "Ke, ina kinka shiga? Kin kusa rasa su. Dubi. Rubuta."

Na tsaya kusa da shi muka duba. Na daɗe tsaye.

Daga baya na je wurin Dogo na ce ya sauke kayan.

"Inna, kin ji da kunnenki. Bai gane ki ba."

Na ce na ji. Fuskata ce ta ɓace masa, ni ina nan. Ya san ƙofar da nake fitowa. A benenka na Yamai in ya aike ni in kira ta, wace ƙofa zai nuna?

Ya yi ta magana, maganin da za a riƙa sha, ƙofar da za a riƙa kullewa, Magagi ya riƙa kwana nan daren kasuwa, kuma ba goge. Na ce na yarda da duka. Ya ce zuwa kaka kawai, in shamuwa sun tashi za mu sake magana. Na ce Allah ya kai mu. Kaskon ma ya so ya ɗauke daga hanya, na ce ya bar shi inda yake.

Shamuwa biyu, daga kudu, wajen ƙarfe bakwai. Ya kira ni, na gani.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Dogo ya koma jiya. Manoma sun zo, na ce su fiddo iri. Shamuwa na kai kara cikin kwando tun asuba.

Yau ma ya aike ni. Na shiga na kira ta, ta zo.